Kakuranger: Shirin Ninja na Japan da Ya Cancanci Datarka, da Wuraren da Ya Yi Tuntuɓe

Duk wanda ya kalli Power Rangers yana yaro, ko a talabijin ɗin gida ko a gidan kallo na unguwa, ya riga ya ga wani yanki na Kakuranger ko da bai taɓa jin sunan ba. Ƙwarangwal ɗin nan mai rabin jiki da launin kakin soja da ake kira Rito Revolto, da shuɗin ninja mai suna Ninjor, da farin shahon da ke sauka a bayan ƙaton mutum-mutumi, duk daga nan aka ɗebo su. Kamfanin Saban na Amurka ne ya sayi hotunan faɗan daga kamfanin Toei na Japan, ya cire 'yan wasan Japan ya zuba nasa, ya sake labarin gaba ɗaya. Ƙanzo ne ya iso mana. Tuwon yana cikin Ninja Sentai Kakuranger.

An nuna shirin a tashar TV Asahi daga 18 ga Fabrairu 1994 zuwa 24 ga Fabrairu 1995. Kashi 53 ne, kowane kashi kimanin minti 20, wato duka-duka awa 18 ko ƙasa da haka kaɗan. Shi ne na 18 a jerin shirye-shiryen Super Sentai da aka fara tun 1975, inda kusan kowace shekara aka riƙa kawo sabuwar tawaga ta jarumai masu kaya kala-kala. Sau uku jerin ya ɗauki ninja a matsayin jigo: Kakuranger a 1994, Hurricaneger a 2002, sai Ninninger a 2015. Idan lokacinka da datarka na guda ɗaya ne kawai, Kakuranger za ka ɗauka, duk da cewa shi ne mafi tsufa kuma hotonsa ne mafi dusashewa.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Shekara 400 da suka wuce wasu ninja biyar sun kulle rundunar yokai a bayan wata ƙofa. Yokai su ne halittun tatsuniyar Japan, kwatankwacin dodanni da fatalwa da 'yan ruwa a wajenmu. A zamanin yau sai wani yokai mai suna Kappa ya yaudari samari biyu, Sasuke da Saizo, da kwaɗayin kuɗi, suka buɗe ƙofar da hannunsu. Ashe su jikokin waɗancan ninja ne. Wanda ya ɓalle ƙofa shi zai rufe ta, don haka suka haɗu da Tsuruhime, da Seikai, daga baya da Jiraiya. Sasuke ne ja, Tsuruhime fara, Saizo shuɗi, Seikai rawaya, Jiraiya baƙi. Matasan da suka san Naruto za su ji sunayen Sasuke da Jiraiya su ɗauka kwaikwayo aka yi. Kakuranger ya girmi Naruto da shekara biyar, kuma dukansu daga tsofaffin labaran ninja na Japan suka aro sunayen.

Abin da ya ɗaga shirin nan sama da 'yan uwansa shi ne dodanninsa. A yawancin shirye-shiryen irin wannan, dodon mako wani abu ne da mai zane ya ƙirƙira ranar Litinin aka kashe shi ranar Juma'a, babu wanda zai tuna sunansa. A nan kowane dodo yana da asali a bakin kakannin Japan, kuma masu shirin sun zauna sun yi tambayar da ta dace: idan wannan halitta ta yi shekara 400 a ɓoye ta fito ta tarar da birni, wace sana'a za ta kama? Kappa a tatsuniya ɗan ruwa ne mai faranti a tsakiyar ka, wanda ƙarfinsa ke ƙarewa idan ruwan farantin ya bushe. Rokurokubi mace ce mai wuyan da ke miƙewa. Nurikabe bango ne da ke tare wa matafiyi hanya da dare. Oboroguruma a da amalanken shanu ne mai fatalwa, a shirin kuwa ya koma tasi, yana yawo a titi da haushin yadda mutane ke wulaƙanta shi. Wanda ya taɓa tsayawa a Oshodi da yamma ya ga yadda direba da fasinja ke cacar baki zai gane wannan dodo tun kafin a fassara masa maganarsa. Ka ƙaddara wani ya ɗauki Dodo da Doguwa da Ɗan Mutuwa ya ce yau a Legas suke zaune, wannan yana tura baro a Mile 12, waccan tana da shago a Balogun. Irin tunanin da aka yi ke nan, kuma an yi shi da gaske, ba a tsaya rabin hanya ba.

Ba duka yokai ɗin ne mugaye ba, kuma nan ne shirin ke kama zuciya ba zato. Akwai kashin Zashiki-warashi, yaron aljanin gida wanda a al'adarsu alheri yake kawowa. A shirin abokin wasan yara ne, ba ruwansa da kowa, sai manyan yokai suka tilasta masa zama dodo. Ƙarshensa ba mai daɗi ba ne, kuma ba a yi ƙoƙarin lallashin mai kallo ba.

Sai mai ba da labari. A kashi 24 na farko akwai wani dattijo da ke zaune a bayan ɗan teburi da mafici a hannu, yana katse fim ɗin ya gabatar da dodon ranar: sunansa, asalinsa, abin da mutanen da ke cewa a kansa, har da tsohon zanensa. San'yutei Enjo ne ya hau wannan matsayi, kuma a zahiri sana'arsa ke nan, ba da labari a dandali irin na gargajiyar Japan. Ga Bahaushe wannan ba baƙon abu ba ne. Kaka ce a tsakar gida bayan sallar isha'i, ta ce ga ta nan ga ta nanku, ta tsaya a tsakiyar labari ta yi wa jikoki bayanin wane ne Gizo kafin ta ci gaba. Dattijon nan shi ne gadar da ke kai baƙon mai kallo cikin al'adar da bai sani ba. Ba don shi ba, da rabin abin dariyar da rabin abin tsoron sun wuce mu.

Akwai kuma yadda jaruman ke rayuwa. Ba su da hedikwata, ba su da wani attajiri ko gwamnati a bayansu. Wata mota suke da ita mai fuskar kyanwa, Nekomaru, wadda ita ma yokai ce mai rai. A cikinta suke kwana, a cikinta suke soya wani siririn fanke da ake naɗewa da kirim da 'ya'yan itace suna sayarwa, daga wannan gari zuwa wancan. Ranar da ciniki bai yi ba, ka gan su suna lissafi. 'Yan ci-rani ne sosai, kuma ɗan Arewa da ke neman na kansa a Agege ko Idi-Araba ko Alaba Rago ba ya buƙatar a yi masa sharhin wannan. Jiraiya ma haka. Kane Kosugi da ya fito a matsayinsa an haife shi a Los Anjeles a 1974, kuma lokacin da aka fara ɗaukar shirin Japanancinsa bai nuna ba. Maimakon a ɓoye, sai aka mayar da abin cikin labari: Jiraiya ya taso a Amurka, ya dawo ƙasar iyayensa yana Turanci, 'yan uwansa suna kallon bakinsa. Yaron da aka haifa a Agege, Yarbanci da burokin sun fi zama a harshensa, ranar da aka kai shi Kano ko Katsina gaida dangi, shi ne Jiraiya. A hankali cikin shirin harshen nasa ke warwarewa, kuma da gaske ɗan wasan ne ke koyo a gaban idonka.

To, a kashi na 25 sai shirin ya sake fata. Wannan shi ne babban abin da ya kamata mai shirin kallo ya sani tun farko, domin kusan shiri biyu ne aka ɗinke wuri guda. Zangon farko wasa ne da raha: idan aka kai naushi sai rubutun ƙara ya fantsamo a allo da manyan haruffa irin na littattafan zane na Amurka, dodanni suna ba da dariya, jaruman suna shirme. Daga 25 aka ɗauke dattijon mai labari, in ban da dawowa ɗaya da ya yi can gaba, aka rage barkwanci, aka raba jaruman kowa ya tafi neman nasa naɗaɗɗen littafin sirri. Daga 25 zuwa 31 shi ne ƙashin bayan shirin duka, kuma ko don waɗannan bakwai kaɗai ya cancanci kallo.

A cikinsu kashi na 28 da na 29 sun fita daban. Jiraiya ya fuskanci malaminsa Gali, mutumin da ya rene shi ya koya masa faɗa, wanda kuma yake da hannu a mutuwar mahaifinsa. Wanda ya fito a matsayin Gali shi ne Sho Kosugi, mahaifin Kane na jini. Manyanmu da suka ci zamanin sinima da bidiyon kaset sun san wannan fuska, shi ne ninjan finafinan Amurka na farkon shekarun 1980. Faɗan uba da ɗa ne ba tare da abin rufe fuska ba, babu mai tsaya wa kowa, kyamara ta ja baya ta bar su. Ka lura da ƙafafunsu da yadda suke auna tazara. Wannan horon shekaru ne, ba dabarar mai yanka fim ba.

Ita ma Tsuruhime a nan labarinta ya yi nauyi. Ita ce mace ta farko da ta shugabanci tawaga a tarihin Super Sentai, kuma Satomi Hirose da ta fito a matsayinta ba ta kai shekara 15 ba a lokacin. An nuna mata mahaifinta da ta ɗauka ya mutu yana raye, yana sanye da farar fuska a cikin rundunar abokan gaba da sunan Hakumenro. Yarinya ƙarama tana jagorantar maza huɗu da suka girme ta, ga kuma tambayar ko za ta iya ɗaga takobi a kan ubanta. Bos ɗin wannan zango, Junior, ɗan sarkin yokai, shi ne ainihin ƙwarangwal ɗin da Amurkawa suka mayar wawa. A nan ba wawa ba ne ko kaɗan. Kenichi Endo, wanda daga baya ya zama babban ɗan wasa a Japan, ya yi shi da fentin fuska da jita da wani irin fushi na ɗan gata da ba a taɓa ce wa a'a ba, kuma yana kisa. Bayan ya faɗi a kashi na 31 shirin bai sake samun mugu mai zafinsa ba, har da ubansa Daimao.

Game da aikin faɗa, a tuna cewa 1994 ne, kusan komai da hannu aka yi. An ɗauki shirin a kan fim mai faɗin milimita 16, aka ɗora murya daga baya a situdiyo, shi ya sa wani lokaci baki da magana ba sa haɗuwa daidai. Wannan ba laifin fayil ɗinka ba ne. Masu sanye da kayan jaruman ba su ne 'yan wasan da ke nuna fuska ba, ƙwararrun masu tsalle ne. Seiji Takaiwa, wanda daga baya ya shafe shekaru yana sanya kayan manyan jaruman Kamen Rider, wani shirin na kamfanin Toei, shi ne a cikin jan kaya. Dabarun ninja kuwa kowacce da yadda ake haɗa ta. Idan aka sari jarumi sai ka ga kaya kawai sun zube ƙasa babu mutum, tsayar da kyamara aka yi, mutum ya fita, aka rataye kayan da zare, aka ci gaba. Idan ka ga ya yi tsalle daga ƙasa ya dira kan rufi, daga rufin ya diro da baya aka juya fim ɗin. Tsallen da ke wuce kan kyamara kuwa akwai abin tsalle mai roba a ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Fashewar da ke tashi a bayansu wuta ce ta gaske, a filin fasa dutse ake yinta, shi ya sa za ka ga wuri ɗaya mai tsakuwa yana ta dawowa. Faɗan ƙattai kuma mutane ne a cikin kaya suna takawa tsakanin ƙananan gine-gine, an ɗauka da kyamara mai gudu sannan aka rage saurin, don abin da ya faɗi ya yi kamar yana da nauyi. Kayan jaruman su kansu sun fi na kowace tawaga sauƙi, babu tarkace a kafaɗa ko ƙirji, takobi a baya kawai, saboda haka jiki yana motsi yadda ya so.

Yanzu ga inda aka yi tuntuɓe, kuma ba wuri ɗaya ba ne.

Na farko yawan mutum-mutumi. Akwai janar-janar biyar masu siffar biri, gauraka, kyarkeci, beyar da kwaɗo, waɗanda ke haɗuwa su zama Muteki Shogun mai kama da fadar sarki. Akwai wasu biyar marasa nauyi masu irin siffarsu. Akwai wasu dabbobi biyar na zango na biyu da ke zama Kakure Daishogun. Ga shaho Tsubasamaru, ga Ninjaman, wato shuɗin ninjan da Amurkawa suka kira Ninjor, da ke girma ya zama Samuraiman idan aka kira shi ɗanye. Goma sha bakwai ke nan. Dalilin a fili yake: kamfanin Bandai ne ke sayar da kayan wasan, kuma kowane sabon abu sai an ba shi fili a allo. A kashi mai minti 20, idan ka cire waƙar buɗewa da ta rufewa, ka cire hoton rikiɗa da na haɗuwar mutum-mutumi da ake maimaitawa kullum, abin da ya rage wa labari bai fi minti 14 ko 15 ba. Shi ya sa wasu kasoshin ke ƙarewa kamar an ja birki, matsalar da aka gina tun farko a warware ta da jimla biyu.

Na biyu, shugabancin Tsuruhime ya fi yawa a baki. Ita ce ke tsawatarwa, ita ce ta san tarihin gidan, amma idan aka zo tsayuwa Sasuke ne a tsakiya, shi ke ba da umarnin faɗa, shi ke kai saran ƙarshe. An buɗe ƙofa ne aka tsaya a bakinta. Saizo da Seikai kuwa an bar su da abin dariya, ɗaya son kuɗi da nuna kai, ɗaya ci da bin 'yan mata, har shirin ya ƙare ba a ba su wani labari mai nauyin na sauran ukun ba. Na uku, bayan shigowar Ninjaman a kashi na 36 an sami jerin kasoshi da ke tafiya a kan hanya ɗaya: a yaudare shi, ya yi ɓarna, a zage shi, ya fusata, ya girma. Yara suna son shi sosai. Babba zai ƙosa. Cire dattijon mai labari ma asara ce, domin dodannin zango na biyu suna zuwa su wuce ba ka san daga wace tatsuniya suka fito ba.

Ƙarshen ya biya bashin. Wanda ba ya son a ɓata masa ya tsallake wannan sakin layi. Daimao ba ya kasuwa, domin shi tarin ƙiyayyar zukatan mutane ne, kuma sara shi yake so a yi don ya watsu ko'ina. Dole jaruman su mayar da takubbansu kube, su jure dukansa, su tura shi bayan ƙofar da aka fara labarin da ita su sake kullewa. Shirin da aka yi don sayar da takobin roba ya ƙare a kan cewa takobi ba zai yi aikin ba, kuma an shuka wannan tun kashin farko.

Sauran biyun a gajarce. Hurricaneger, kashi 51, daga Fabrairun 2002 zuwa Fabrairun 2003, shi ne aka mayar Power Rangers Ninja Storm. Ɗalibai uku ne da suka rage daga makarantar ninja da wasu baƙi daga sararin samaniya suka rusa, malaminsu ya maƙale a siffar ɗan ɓera, ga 'yan uwa biyu daga makarantar hamayya da suka fara da gaba kafin su haɗe. Labarinsa ya fi na Kakuranger tsari, rikicin makarantun biyu yana da daɗi, kuma koren jaruminsa Shurikenger yana ɓad da kama da fuskokin tsofaffin 'yan wasan Sentai, abin da sai wanda ya san jerin zai more. Amma zanen kwamfuta na 2002 ya tsufa fiye da dabarun hannu na 1994, kuma dodanninsa ba su da asali. Ninninger, kashi 47, an fara shi ranar 22 ga Fabrairu 2015, shi ya zama Ninja Steel. Hotonsa garau ne, launi kamar kantin alewa, jikoki biyar suna gasar gadon kakansu. Matsalarsa jan jarumin, Takaharu, wanda ke da ƙara da gaggawa kuma labarin ke ba shi gaskiya ko ya yi kuskure. Kashi na 7 ya cancanci nema, domin jan Kakuranger da jan Hurricaneger sun dawo da ainihin 'yan wasansu suna horar da sababbi. Ga yaro ɗan shekara shida Ninninger ya fi sauƙin shiga. Ga wanda ya haura sha biyu, a fara da na 1994.

Iyaye su san abu uku kafin su miƙa wa yaro waya. Shirin yana kiran manyan mutum-mutumi uku, wato Muteki Shogun, Kakure Daishogun da Tsubasamaru, da sunan alloli, kuma suna magana suna ba da umarni, don haka yana da kyau babba ya zauna kusa ya bayyana cewa wannan tatsuniyar wasu mutane ce masu nasu addinin. Akwai mutuwa ta gaske, har da ta wani dattijo da ke yi wa jaruman jagora. Sannan wasu dodannin suna sace yara da nufin cinye su, kuma sojojin yokai masu shuɗin jiki da fuska a zazzage suna iya hana ƙaramin yaro barci. Ta fuskar sutura da mu'amala shirin yana da kamun kai idan aka gwada da yawancin abin da ke yawo a wayoyi yau.

Sai batun samu da kallo a Legas, inda mafi yawan matsalar take. Fitowar da aka yi a hukumance da fassarar Turanci a ƙasan allo ita ce ta DVD daga kamfanin Shout! Factory na Amurka a 2016. Faifan na yanki na 1 ne kuma tsarin NTSC, mu kuwa Najeriya muna yanki na 5 da tsarin PAL. Kafin ka sa a kawo maka, tabbatar na'urarka tana karɓar kowane yanki, in ba haka ba za ta tofar da faifan ko hoton ya fito fari da baƙi yana rawa. A Alaba International ana samun masu karɓar kowane yanki, amma a gwada a gabanka. Manhajar Toei ta masu biyan kuɗi, inda aka saki ci gaban labarin na cika shekara 30 a 2024 da ainihin jaruman biyar sun manyanta, don masu zama a Japan aka yi ta.

Idan wajen masu turi ka je, kada ka ce a ba ka fim ɗin ninja masu kala, Ninja Storm za a tura maka. Faɗi sunan, ka buɗe kashi ɗaya a wurin: yaren Japananci ne, fara mace ce, kuma fayil 53 ne cif. Duba 24, 25, 28, 29 da 53 musamman, domin rasa ɗaya daga cikinsu yana karya labarin. Sannan duba lambobin. Idan an rubuta 1, 2, 3 ba tare da sifili a gaba ba, waya da talabijin za su jera maka 1, 10, 11, 12 kafin 2, ka tsinci kanka a tsakiyar labari. Sake musu suna 01, 02, 03 ya kashe wannan.

Kada ka biya kuɗin babban fayil. Hoton DVD layi 480 ne, wanda aka ciro daga nan aka kumbura zuwa 1080 nauyi kawai ya ƙara. Kashi mai minti 20 a matsakaicin inganci yana kamawa wajen megabait 150, duka shirin kusan gigabait 8, memori mai 16 ya ɗauke shi har da saura. A kula da memorin jabu da ke nuna 64 alhali cikinsa 8 ne: yana karɓar fayil kamar lafiya, sai ka zo buɗewa ka tarar rabi sun lalace. Gwajinsa shi ne a cika shi, a cire, a mayar, a buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe kafin a bar shagon.

Matsaloli huɗu ne ke yawan tasowa wajen kunnawa. Idan murya na fita allo baƙi, fayil ɗin na tsarin H.265 ne mai bit 10 wanda tsofaffin talabijin da ƙananan wayoyi ba sa iya buɗewa. A MX Player ka sauya daga HW zuwa SW, ko ka nemi na H.264. Idan a waya fassara na fitowa amma a talabijin ta filas babu, rubutun yana cikin fayil ɗin MKV ne a tsarin da talabijin ɗin bai gane ba. Maganinsa fayil ɗin SRT mai suna iri ɗaya sak da na bidiyon a jaka ɗaya, ko a haɗa kwamfuta da wayar HDMI. Idan fassara ta riga magana ko ta makara da tazara ɗaya daga farko har ƙarshe, a VLC na kwamfuta maɓallan G da H suna matsar da ita gaba ko baya. Idan kuwa tazarar ƙaruwa take yi yayin da kashin ke tafiya, an yi fassarar ne don fayil mai saurin hoto daban, matsarwa ba za ta gyara ba, sai an sauya ta. Na huɗu shi ne siffar allo. Shirin 4:3 ne, dole a ga baƙin shafi dama da hagu. Talabijin da yawa suna baje shi ya cika allo, mutane su koma gajeru masu faɗi, faɗan ya rasa kyansa. A shiga saitin hoto a mayar 4:3, a kuma kashe abin da ke santsantar da motsi, domin yana sa ƙananan gine-ginen su fito a kwalinsu.

Wajen tsarin kallo, kashi biyu ko uku suna shiga cikin cunkoso ɗaya daga Oshodi zuwa Agege, kuma zangon farko ya dace da haka tunda kowane kashi da kansa yake tsaye. Wanda haƙurinsa gajere ne ya kalli 1 zuwa 4 don sanin mutanen, ya ɗauki waɗanda Junior ya fara bayyana a cikinsu daga tsakiyar zangon, sannan ya kalli 23 da 24. Amma 25 zuwa 31 a ajiye su sai daren da akwai wuta ko an cika batir, a babban allo, a zama ɗaya, awa biyu da 'yan mintoci. Haka ma huɗun ƙarshe, daga 50 zuwa 53.